Koya wa Yaran Unguwa Kiɗan Tsirkiya: Mene ne Gaskiyar Lamarin, Kuma Zai Zauna a Gombe?

Lokaci zuwa lokaci wani bidiyo yakan zagayo a Facebook ko TikTok: yara baƙar fata a wata unguwar talakawa ta Nairobi ko Soweto, kowa ya saƙale gogen Turawa a ƙarƙashin haɓa, suna kiɗa tare ba mai wuce wani. Da ya faɗo hannun mutanen Gombe sai baki ya rabu. Wani ya ce ga irin abin da ya kamata a kawo wa yaran unguwannin Bolari da Kagarawal, maimakon a zuba ido 'yan siyasa su mai da su 'yan dabar da ake kira 'yan Kalare. Wani ya ce yaron da bai karya kumallo ba me zai yi da goge. Wani kuma ya ce haramun ne, a rufe zancen. Kowanne yana da abin da ya hango, amma ba a cika tsayawa a tambayi ainihin abin da ake yi a waɗannan wurare ba. Wane irin kiɗa ne? Me bincike ya nuna yana yi wa yaro, me kuma aka ƙara masa na gishiri? Wane ɓangare nasa ne zai iya rayuwa a garinmu, da addininmu da hunturunmu da aljihunmu?

Wane irin kiɗa ake magana a kai

Gogen Turawa dangi ne mai 'ya'ya huɗu. Akwai bayolin, ƙaramin da aka fi gani, mai siririyar murya. Akwai biyola, wadda ta ɗan fi shi girma da kaurin murya. Akwai celo, wanda ake zama a kujera a jingina shi tsakanin gwiwoyi, sai kuma babbansu da ake kaɗawa a tsaye. Kowannensu tsirkiya huɗu gare shi, ana goga su da baka mai izgar doki da aka shafa wa ƙaro, daidai yadda mai gogenmu yake yi wa nasa. Sun samu siffar da aka san su da ita a yau a arewacin Italiya a ƙarni na 16, musamman a garin Cremona, a hannun masassaƙa irin su Andrea Amati. Wuyansu ba shi da alamar da za ta nuna wa yatsa inda zai danna, kunne ne yake jagora. Wannan ne ya sa koyonsu yake cin shekaru, kuma shi ya sa ake son a fara da wuri. Ana ƙera ƙanana daidai hannun ɗan shekara biyar ko shida, ana canja masa yayin da yake girma.

Hanya biyu ake haɗa makaɗan. Ta farko ita ce babbar ƙungiya, wato okestira, mai mutum sittin zuwa ɗari, da jagora tsaye a gabansu riƙe da 'yar sanda yana nuna musu inda za su shiga da inda za su tsaya. Ta biyu ita ce wadda zan kira kiɗan zaure: mutum biyu zuwa takwas ko tara, kowa da nasa layin kiɗan da ba wanda yake taya shi, kuma babu jagora. Wanda ya fi shahara a ciki shi ne na mutum huɗu, bayolin biyu da biyola da celo, tsarin da Joseph Haydn na ƙasar Ostiriya ya kafa masa ginshiƙi a ƙarni na 18, ya rubuta masa kiɗa kusan 70.

Bambancin hanyoyin nan biyu shi ne zuciyar maganar. Yaron da ke cikin masu bayolin ashirin zai iya ɓuya, ya riƙa motsa hannu ba tare da an gane bai iya ba, in ma bai zo ba kiɗa ba zai tsaya ba. A cikin mutum huɗu babu maɓoya. Kamar lugude ne a turmi ɗaya: kowace taɓarya da lokacin saukarta, wadda ta makara ko ta yi gaggawa za ta bugi ta 'yar'uwarta, kuma da kunne ake gane lokacin, ba da umarnin kowa ba. In yaro ɗaya bai zo ba, sauran ukun sai dai su koma gida.

Inda abin ya faro

Sunan da aka fi ji shi ne El Sistema na ƙasar Benizuwela. Wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi, José Antonio Abreu, ya fara shi a 1975 da matasa 11 a wani wurin ajiye motoci a birnin Karakas. Gwamnati ta ɗauki nauyinsa da kuɗin man fetur, ya bazu zuwa cibiyoyi a faɗin ƙasar, yara suna zuwa kusan kowace yamma su yi awoyi suna gwaji, kyauta. Daga cikinsa Gustavo Dudamel ya fito, wanda ya zama jagoran babbar okestirar Los Angeles a 2009. Tsarin babbar ƙungiya ne, mai cin kuɗi, mai buƙatar gwamnati a bayansa.

Akwai wani salo da bai kai shi amo ba, amma a ganina ya fi kusa da abin da za mu iya. A 1997 wani matashi mai suna Sebastian Ruth, da gama jami'arsa, ya kafa Community MusicWorks a unguwannin marasa galihu na birnin Providence a Amurka. Tunaninsa shi ne kada makaɗa su riƙa zuwa unguwa sau ɗaya a shekara su yi wasa a tafa musu su tafi. Su tare a unguwar. Ƙwararrun makaɗa huɗu suka kama shago a bakin titi, suna gwajinsu na sana'a inda duk mai wucewa zai hango su ta gilashi, su ne kuma malaman yaran unguwar. Darasi kyauta, kayan kiɗa aro ne kyauta, yaro yana iya shekara goma tare da malami ɗaya. Waɗanda suka tasa sukan haɗu su ci abinci tare, su tattauna abin da ke damun unguwarsu, sannan su yi kiɗa. A 2010 gidauniyar MacArthur ta ba Ruth kyautarta saboda wannan aiki.

A shekarar 1997 ɗin dai, wata Baturiyar Ingila mai kaɗa biyola, Rosemary Nalden, ta buɗe makarantar Buskaid a Diepkloof cikin Soweto. Yaranta suna kaɗa tsofaffin kaɗe-kaɗen Turai, suna kuma kaɗa waƙoƙin unguwarsu da rawarsu a kan kayan kiɗa ɗaya, manyan ɗalibai su koyar da ƙanana. A Kinshasa kuwa, Armand Diangienda, wanda tsohon matuƙin jirgin sama ne, ya haɗa okestira a 1994 da mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe irin waɗannan kaya ba, har akwai lokacin da wayar birkin keke suke ɗaurawa a madadin tsirkiyar da ta tsinke. Bidiyon Nairobi da ake yawan gani galibi na Ghetto Classics ne, a unguwar Korogocho da ke gefen babbar bolar birnin.

Shin kiɗa yana ƙara wa yaro basira?

Nan ne aka fi cika baki, nan ne kuma ya kamata iyaye su buɗe kunne. A 1993 wasu masu bincike a Kalifoniya suka sa ɗaliban jami'a 36 sauraren kiɗan Mozart na minti goma, suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawar siffofi, tasirin kuma ya gushe cikin kamar kwata na awa. Manya ne aka gwada, saurare ne kawai, amma labarin ya rikiɗe a jaridu ya koma wai kiɗa yana sa jarirai kaifin ƙwaƙwalwa. Har yau ragowar wannan zance yana yawo.

A 2004 wani masani a Kanada ya raba yara 144 'yan shekara shida, wasu aka koya musu kiɗa, wasu wasan kwaikwayo, wasu ba a koya musu kome ba. Bayan shekara ɗaya ta karatu, 'yan kiɗan sun ɗara sauran a gwajin basira, amma da ƙasa da maki uku. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka ce idan aka ware binciken da aka tsara da kyau, amfanin darasin kiɗa ga lissafi ko karatu ya kusa zama babu. Wasu masana sun ja da su, suna ganin akwai ɗan amfani. Ko a wurin waɗannan, ɗan kaɗan ne. Duk wanda ya zo wa iyaye a Gombe da alkawarin goge zai sa ɗansu ya ci lissafi a WAEC, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai.

Binciken da ya fi dacewa da tambayarmu shi ne wanda bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka, IDB, ya yi a kan El Sistema, aka buga a 2017. An bi yara 2,914 'yan shekara 6 zuwa 14 a cibiyoyi 16, aka yi ƙuri'a wasu suka shiga nan take, wasu aka jinkirta musu shekara guda. Ba a ga ƙarin basira ba. Abin da aka gani shi ne ƙarin kamun kai da raguwar rashin ji, kuma ya fi fitowa fili a wurin yara maza da suka taso cikin tashin hankali. Wannan sakamako ya fi mini nauyi fiye da zancen maki, domin shi ne ciwonmu. Tun a 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta rahoto a kan yadda ake amfani da 'yan Kalare a siyasar Gombe, kuma wanda ya san garin ya san ba daga sama yaran nan suke faɗowa ba. Sukan fara ne da zaman majalisa a bakin layi, inda wani babba ya san sunansu, yana ba su abin yi, yana neman su in ba su zo ba. Abin da ƙaramar ƙungiyar kiɗa take bayarwa ke nan ta hanya mai kyau: babba da ya san sunanka, abokai uku da ba za su iya ba sai da kai, da abin da kake gani da idonka kana ƙwarewa a kai wata bayan wata.

Sai dai a faɗi gaskiya, ƙungiyar ƙwallo mai koci nagari ko makarantar allo mai malami mai kula za su iya ba yaro wani kaso na wannan. Goge ba shi da wani asiri. Abin da ya keɓanta da shi shi ne yana tilasta wa yaro haƙuri da saurare, domin watannin farko ƙara ce kawai marar daɗi take fita, ba wata gajeriyar hanya, kuma ba ya haɗuwa da 'yan'uwansa sai ya rage muryarsa ya ji tasu.

Abin da zai sa iyaye su ja baya

Masu kawo irin waɗannan shirye-shirye daga waje sukan ɗauka jahilci ne yake sa uba ya hana ɗansa. Ba haka ba ne, kuma wanda ya fara da wannan zato ya rushe aikinsa tun bai ɗora tubali ba.

Na farko akwai addini. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyyar da aka fi bi a ƙasar nan, sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Buhari a kan mutanen da za su zo su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Sun yi rangwame ga bandiri a biki da idi. Akwai waɗanda suka saɓa: Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, bai ga hadisan hanin sun inganta ba, a zamaninmu kuma Shaihu Yusuf al-Ƙaradawi ya halatta da sharaɗin kada kiɗan ya zo da batsa ko ya shagaltar daga farilla. Imam al-Gazali ya tsaya a tsakiya ta wata hanya mai ban sha'awa. A cikin littafinsa Ihya'u ya halatta sauraren murya mai daɗi, amma ya ware masu tsirkiya da sarewa, dalilinsa kuwa shi ne a zamaninsa alama ce ta majalisar mashaya. Wannan rubutu ba fatawa ba ne, mai neman hukunci ya san ƙofar malaminsa. Abin da nake jan hankali a kai shi ne uban da ya ce a'a yana tsaye ne a kan ra'ayin jumhurun malamai, don haka haƙƙinsa ne a girmama a'arsa. Kada a lallaɓa a sa yaro a bayan idon iyayensa, kada a fake da rabon abinci ko kuɗin makaranta a ja shi.

Na biyu akwai martaba, kuma wannan ya shafi har wanda bai damu da fatawar ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Bahaushe zai yi wa makaɗi kyautar riga da mota, gobe ɗan makaɗin ya zo neman auren 'yarsa ya hana. A cikin makaɗan ma, mai goge da mai garaya sun fi shan tsangwama saboda an san kayansu a wurin bori da gidajen magajiya. Dalilin da al-Gazali ya kawo shekaru ɗari tara da suka wuce shi ne dai yake aiki a zuciyar uwa a Jekadafari a yau: ba sautin take tsoro ba, wurin da ta san ana jin sautin take tsoro. Idan 'ya mace ce abin ya ninka, domin ana lissafin abin da dangin miji za su ce.

Amma Gombe ba gida ɗaya ba ce. A Billiri da Kaltungo da sauran kudancin jihar, da kuma coci-cocin da ke cikin garin Gombe, yara suna tasowa cikin ƙungiyar mawaƙa, suna karanta waƙa da do-re-mi, suna raba murya huɗu, matasa suna kaɗa jita da fiyano, zumuntar mata da nasu kayan kiɗan. Yaron da ya saba riƙe muryarsa a cikin murya huɗu ya riga ya yi rabin tafiyar kiɗan zaure. Saboda haka inda abin zai fi saurin kama ƙasa a bayyane yake. Haɗarin shi ne a bar shi a can kaɗai har a riƙa kallonsa a matsayin kayan coci, ɗan Musulmin da iyayensa suka yarda ma ya rasa ƙofar shiga. Wurin koyarwa yana da muhimmanci: ajin firamaren gwamnati bayan an tashi, ko wani zaure da mai unguwa ya sani, ƙofa a buɗe, iyaye su shigo su zauna duk ranar da suka ga dama.

To gogenmu fa?

Abin da ke ci mini rai a wannan muhawara shi ne yadda ake magana kamar tsirkiya baƙuwa ce a wurinmu. Muna da goge, ƙwarya da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa izgar doki. Muna da kukuma, da garaya ta maharba, da gurmi, da molo, Fulanin da suka kafa masarautar nan ma suna da nasu. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya da aka yi da gwangwanin kifi ya zaga duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Mai goge da masu ƙwarya da 'yan amshinsa kuwa ƙaramar ƙungiya ce da ba ta da jagora mai sanda, da kunne da ido suke fahimtar juna.

Waɗannan kaya suna ƙarewa a gaban idonmu. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun ƙi gadon, waƙoƙin fina-finai da na biki kuma yanzu a situdiyo ake haɗa su da fiyano da kwamfuta, har sautin gogen ma daga cikin na'ura ake ciro shi. Idan aka kawo gogen Italiya aka ɗora a hannun yaron Pantami alhali tsohon da ya iya gurmi yana bayan layinsu ba mai tambayarsa, an koya wa yaron wani darasi ba da baki ba, cewa na wasu ne abin koyo, nasa abin kunya ne.

Ba ina cewa a bar bayolin ba. Yana da abin da namu ba su da shi: rubutaccen tsarin koyarwa na ɗaruruwan shekaru, jarrabawa da takardar shaida da aka sani a ko'ina, da dangi huɗu da suka cike daga siririyar murya zuwa mai kauri. Ba kuma na Turawa kaɗai ba ne tuntuni, duk mai sauraren waƙoƙin Sudan da Masar ya san yadda suka mai da shi nasu. Abin da Buskaid ta yi shi ne abin koyi, a kaɗa na can a kaɗa na nan. A Gombe sai a ƙara da zaunar da mai goge ko mai gurmi a matsayin malami, a biya shi albashi daidai da na mai takardar digiri, a kira shi malam a gaban yara. Wannan kaɗai zai taɓa matsalar martabar da aka ambata fiye da kowace lacca.

Lokaci, hunturu da kuɗi

Yaron Karakas yana da yammacinsa. Yaron Gombe da safe yana boko, da yamma yana islamiyya, wani yana gareji ko shagon tela, yarinya tana talla ko aikin gida. Ranakun da suka rage su ne Alhamis da Juma'a da ba a zuwa islamiyya, sai wani yanki na ƙarshen mako. Tsarin awa uku ko huɗu kullum ba zai shiga wannan rayuwa ba sai an ture wani abu, kuma abin da za a ture shi ne zai jawo rigima da iyaye. Darasi sau biyu a mako, a rukunin yara huɗu-huɗu, shi ne abin da lokacinmu zai ɗauka.

Sai yanayi. Gogen Turawa katako ne siriri da aka haɗa da gam, masu ƙera shi suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Hunturun Gombe yakan sauko da shi ƙasa da 20, sannan zafin Maris da Afrilu ya biyo baya. Katako yakan tsage, haɗin ya buɗe, maɗaurin tsirkiya ya saki. Dole a ajiye su cikin akwatinsu da ɗan jiƙaƙƙen soso, nesa da rana, kuma dole a samu mai gyara a gari. Wannan ma ƙofar sana'a ce, domin kafintan da ya iya aikin hannu mai laushi zai iya koyo. Alherinsu ɗaya shi ne ba su buƙatar wutar lantarki ko janareta.

Kaya da tsirkiya duk daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta lissafa cikin biyar da talauci ya fi yi wa katutu a rahotonta na 2022, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, ba uban da za a ce ya saya wa ɗansa bayolin. Aro ne kawai zai yi aiki, kuma ƙananan da yaro ya girme su sai su koma hannun na baya.

Mafi wuya shi ne malami. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta cusa kiɗa cikin darasi ɗaya da zane da wasan kwaikwayo, kuma a yawancin makarantun gwamnati a allo ake rubuta shi, yaro ya gama bai taɓa kayan kiɗa ba. Manyan wuraren horar da makaɗan tsirkiya suna kudu: Jami'ar Nsukka da ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, da makarantar kiɗa ta MUSON a Legas, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983, gidauniyar MTN kuma take ɗaukar nauyin ɗaliban difilomarta tun 2006. Samun ƙwararru huɗu su tare a Gombe kamar yadda aka yi a Providence abu ne mai nisa. Samun ɗaya ko biyu, daga Jos ko daga cikin 'yan jihar da suka yi karatu a waje, waɗanda za su horar da manyan ɗalibai su riƙe ƙanana, wannan mai yiwuwa ne.

Wa zai shiga, wa zai tsare shi

Binciken IDB ɗin nan ya tono wani abu da masu yabon El Sistema ba su so ji ba. Cikin yaran da suka nemi shiga, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne 'ya'yan matalauta, alhali a jihohin da aka yi binciken matalauta sun kusa rabin jama'a. Wato shirin da aka yi suna da shi na talakawa ne, 'ya'yan masu ɗan hali suka fi cika shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kyauta ba ta isa ba idan sai an biya kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, idan sai uwa ta iya cike fom, idan zuwan yarinya yana nufin farantin tallarta ya kwana. Da za a buɗe irin wannan a Gombe a kafa shi a GRA a yi sanarwa a intanet, 'ya'yan ma'aikata ne za su cika kujerun cikin kwana biyu, su kuwa yaran da aka ambaci sunansu wajen neman tallafin ba za su ma ji labari ba. Sai wurin ya kasance inda yaro zai taka da ƙafa, a bi gida-gida tare da mai unguwa, a tanadi ɗan abin da zai sa a ciki kafin darasi.

Akwai kuma amanar yaran. Wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya soki El Sistema tun 2014 a kan tsananin horo da fifita wasan burge manya a kan tarbiyyar yaro, a 2021 kuma wasu tsofaffin ɗalibai mata suka fito da zargin cewa malamai sun ci zarafinsu. Koyar da goge yana sa malami ya gyara wa yaro kafaɗa da yatsu, yana kuma sa yaro ya ƙwallafa rai a kan yardar mutum ɗaya. Ƙa'idar ta zama a rubuce tun ranar farko: babu malami da yaro su kaɗai a rufaffen ɗaki, 'yan mata su samu malama ko wata uwa zaune a wurin, a tashi kafin magariba.

Game da abin da yaro zai ci da shi nan gaba, kada a ruɗi kowa. Kaɗan ne za su rayu da kiɗan, ta hanyar koyarwa ko coci ko situdiyo ko taron biki. Mafi yawa za su zama teloli da malaman asibiti da 'yan kasuwa da suka taɓa koyon wani abu mai wuya har suka iya. Kafin a kai ko'ina kuwa sai yaro ya yi shekara uku zuwa biyar, alhali tallafin ƙungiyoyin agaji sau da yawa na shekara ɗaya ko biyu ne. Abin da aka saba gani a ayyukan tallafi shi ne a sayi kaya, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto, kuɗi su ƙare, kayan su koma sito. Duk attajiri ko ƙungiya ko ƙaramar hukumar da ke tunanin gwada wannan a Gombe, lissafin farko da za ta yi shi ne albashin malami ɗaya na shekara biyar da kuɗin tsirkiya da gyara na tsawon wannan lokaci. In wannan ya samu, bayolin takwas da biyola huɗu da celo huɗu, tare da goge da gurmi da za a sassaƙa a gida, sun isa a fara da yara goma sha shida a unguwa ɗaya.